Ina kuka kwana jiya? Nazarin lissafin wutar gida

Kafin a aza harsashin babban gini a yau, injiniyoyi kan fara gina shi a cikin kwamfuta. Ana ba manhaja irin EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, kaurin bango da girman taga da yanayin garin, ita kuma ta ƙiyasta wutar da ginin zai sha a shekara. Bango ba ya ba ta wahala, tunda inda aka kafa shi nan yake. Mai gidan ne ke rikita lissafi, har ta kai Hukumar Makamashi ta Duniya ta buɗe binciken Annex 66 a 2013 kan ɗabi'un mazauna gini.

Mutumin da manhajar ta saba da shi ɗan jadawali ne. Ya fita da safe, ya dawo da yamma, in ya ji zafi ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. To, a kai wannan jadawali garin Kurfi a watan Afrilu, sa'ad da zafi kan kai digiri 40. Da hantsi mata sun kwashe aikinsu zuwa rumfa, maigida yana zaure ko gindin darbejiya. Bayan magariba a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a shimfiɗa tabarmi, ɗaki ya kwana da kaya kawai. In ɗaki ya yi zafi, Bahaushe bar masa shi yake yi.

Magina na gargajiya sun san da wannan kai-komo. Bangon ƙasa mai kauri da rufin azara suna shanye zafin rana, sai dare su sake shi, don haka a bazara soro na rana ne, waje na dare. Da hunturu kuwa ɗumin nan ake nema, a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon wuta.

A Dutsin-Ma labarin ya sauya tun kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Ɗakunan haya na bulo da kwano sun yawaita, ɗalibi ba shi da zauren gudu sai fanka, fankar ma sai kamfanin KEDCO ya kawo wuta. Da an ji "an kawo!", dutsen guga da caja da heta duk su hau lokaci guda. Ga sauro, ga fargabar 'yan bindiga da ke mayar da masu kwanan waje ciki, a kulle taga komai zafi.

Najeriya ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a 2017, amma amfaninta a nan ya rataya ga sanin waɗannan ɗabi'u. Mai bincike, kafin ya buɗe kwamfuta, sai ya yi sallama a zaure, ya tambayi maigida inda suka kwana jiya da abin da ya kai su can.