Idon Ɗan Kallo da Idon Kyamara: Nazari a kan Wasannin Dandamalin Ingila a Silima

1.0 Gabatarwa

A ranar 25 ga watan Yuni, 2009, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Birtaniya da ke Landan, watau National Theatre, ya fara wani shiri mai suna National Theatre Live. A daren nan aka ɗauki hoton wasan Phèdre na Jean Racine ana cikin yin sa a kan dandamali, aka aika da shi ta tauraron ɗan'adam zuwa gidajen silima a ciki da wajen Ingila. Helen Mirren ce tauraruwar wasan, Nicholas Hytner kuwa shi ya ba da umarni. Zauren Lyttelton inda aka yi shi kujeru wajen 890 gare shi, amma kimanin mutum 50,000 suka kalle shi a silima. Gidan Metropolitan Opera na Amurka ya riga ya fara irin wannan a 2006, sa'an nan ƙungiyar Royal Shakespeare Company ta bi sahu a 2013 da wasan Richard II.

Wannan maƙala za ta dubi tambaya guda: shin wanda ya zauna a silima ya ga wasan kuwa? Amsar da za a kafa ita ce ya gan shi, amma da idon aro, kuma wajibi ne mai nazari ya san mai idon.

2.0 'Yancin ido

Babban abin da ya bambanta dandamali da fim shi ne ɗan kallo ke zaɓar inda zai duba. Yana iya barin mai magana ya zuba wa mai sauraro ido, ko ya lura da baran da ke tsaye shiru a gefe. A silima kuwa, akwai wani darakta na biyu, mai kula da kyamarori, wanda ke yanke wannan hukunci a madadin dubban mutane.

Alal misali, a ɗauki Twelfth Night na Shakespeare, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu. A kashi na biyu, fitowa ta biyar, Malvolio yana karanta wasiƙar jabu da aka yar masa a hanya, yana jin uwar ɗakinsa ce ke son sa, alhali waɗanda suka ƙulla makircin suna ɓoye suna leƙensa. Armashin fitowar yana ga ganin ɓangarorin biyu a lokaci guda: girman kan mai karatu a nan, cizon yatsan masu leƙe a can. Kyamara in ta matsa kusa da ɗaya, ta saki ɗaya. In ta ja baya ta haɗa su, fuskoki sun ƙanƙance. Duk wanda ta zaɓa, ta fassara fitowar ke nan. A wasan da aka nuna a 2017, wanda Simon Godwin ya shirya, an mai da Malvolio mace mai suna Malvolia, Tamsin Greig ta fito a matsayinta. Ashe ɗan kallon silima fassara biyu ya tarar a jere: ta mai shirya dandamali, da ta mai riƙe da kyamarori.

3.0 Inda wasan kan sauya

Akan ce kyamara shaida ce kawai, ba ta taɓa wasan ba. Wannan magana tana da rauni. Kafin daren ɗauka akan yi gwaji na musamman domin kyamarori, a cire wasu kujeru a ba su wuri, a maƙala wa 'yan wasa ƙananan makirfo, a gyara haske da kwalliya. A Frankenstein na 2011, wanda Danny Boyle ya shirya, Benedict Cumberbatch da Jonny Lee Miller suna musayar matsayi tsakanin masanin da halittar da ya ƙera. A dandamali halittar takan fito tsirara a farkon wasa, tana ta fafutukar koyon tsayuwa. A daren ɗauka sai aka ɗaura mata bante. Sauyin ƙarami ne, amma ya nuna cewa an tufatar da wasan domin baƙon da zai ziyarta.

Haɗarin ya fi fitowa a tsohon misali. A 1965 Stuart Burge ya ɗauki Othello na National Theatre a ɗakin shirya fim, da Laurence Olivier. Murya da motsin da aka auna domin su kai kujerar ƙarshe ta zaure sai suka yi yawa a gaban kyamara, baƙin shafen da Olivier ya yi a fuska kuma ya fito fili ƙarara. Abin da nisa ke rufa wa asiri, kusanci ya tona.

Har ila yau akwai batun 'yan kallo. A One Man, Two Guvnors na 2011, James Corden yana zolayar mutanen zaure, har ya jawo waɗansu kan dandamali. Na zaure yana dariya ne da fargabar kada a kira shi. Na silima ba mai iya kiran sa. Ya zama mai kallon masu kallo.

4.0 Inda kyamara ta yi rana

Duk da haka, rashin adalci ne a ce hasara kaɗai aka yi. Wasan Prima Facie na Suzie Miller, wanda aka nuna a 2022, mutum ɗaya ke yin sa. Jodie Comer ta fito a matsayin lauya mai kare mazan da ake tuhuma da fyaɗe, har ranar da abin ya auka mata, ta koma akwatin shaida. Da yake jiki ɗaya ne a dandamali, kyamara ba ta ƙwace wa ido zaɓi mai yawa ba, sai ma ta ba shi abin da kujerar baya ba ta bayarwa: rawar leɓe, da ƙyaftawar ido, da lokacin da murya ta karye. Daga nan ana iya fitar da ƙa'ida: gwargwadon yawan abin da ke faruwa a dandamali a lokaci guda, gwargwadon abin da kyamara za ta zubar.

5.0 Kammalawa

Wannan batu ya shafi malamai kai tsaye, musamman tun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen wasa aka saki waɗansu daga cikin waɗannan hotuna a YouTube. Ɗalibin da bai taɓa shiga zauren wasa a Landan ba yana iya ɗaukar abin da ya gani a allo a matsayin wasan kansa, ya gina sharhi a kan zaɓin mai kyamara yana zaton na marubuci ne. Saboda haka ya kamata mai nazari ya ambaci daraktan ɗauka kamar yadda yake ambaton mai fassara, ya kuma riƙa tambayar ɗalibansa a kowace fitowa: wa ke kan dandamali yanzu wanda ba a nuna ba, kuma me yake yi?