Yadda Maɗaba'ar Jami'ar Oxford Take Tace Littafi

A shekarar 1716 maɗaba'ar Jami'ar Oxford da ke Ingila ta buga wani littafi kwafi 500. Sabon Alkawari ne na Baibul cikin harshen Kibɗawan Masar tare da fassarar Latin, aikin wani malami mai suna David Wilkins. Masu iya karanta Kibɗanci a Turai a wancan zamani ba su taka kara sun karya ba, don haka littafin ya zauna a ma'aji ana ɗaukarsa ɗai-ɗai. Kwafi na ƙarshe sai a 1907 ya samu mai saye, bayan shekara 191. Duk tsawon wannan lokaci maɗaba'ar ta adana shi, wanda ya zo nema a miƙa masa.

Ɗan kasuwa zai kira wannan asara, kuma bisa lissafinsa yana da gaskiya. Sai dai maɗaba'ar jami'a da wani lissafi take aiki. Ta Oxford sashe ce na jami'ar, kamar yadda ɗakin karatu ko tsangayar likitanci suke, ba ta da masu hannun jari da ke jiran rabon riba a ƙarshen shekara. Rarar da ta samu ko dai a mayar da ita cikin aikin ɗab'i, ko a miƙa wa jami'a. Daga irin wannan kuɗi ne aka kafa tallafin karatu na Clarendon, wanda tun 2001 yake ɗaukar nauyin ɗaliban digiri na biyu da na uku daga ƙasashe daban-daban. Wannan tsari shi ya ba ta damar ƙwarewa a kan abin da na fi yaba mata da shi, wato fitar da littafin da mai karatu zai dogara da shi ba tare da fargaba ba, ko da aikin zai ci shekaru.

Ba da ƙwarewa aka fara ba. Littafin farko da aka buga a garin Oxford ya fito a 1478, amma shekarar da aka rubuta a ƙarshensa da lambobin Rumawa ta nuna 1468, saboda mai jera haruffa ya tsallake harafin X guda ɗaya. Wannan ɗan kuskure ya daɗe yana rikita masu tarihi, har wasu suka ɗauka Oxford ta riga kowa buga littafi a Ingila. A 1586 hukuma ta amince wa jami'ar da haƙƙin ɗab'i. Cambridge ta riga ta samun nata izinin tun 1534. A 1636 William Laud, shugaban limaman cocin Ingila kuma uban jami'ar Oxford, ya samo mata takardar izini daga Sarki Charles na Ɗaya ta buga kowane irin littafi.

Wanda ya mai da izinin ya zama aiki na zahiri shi ne John Fell, wani limami kuma malami mai tsananin naci. A zamaninsa aka kafa injinan bugu a cikin zauren taro na Sheldonian wanda aka buɗe a 1669. Fell ya gane cewa littafin ilimi ba ya yiwuwa sai da haruffa masu kyau, kuma na harsuna da yawa, sai ya aika aka sayo masa kayan zuba haruffa daga ƙasar Holan, ya kuma bar wa jami'a su da ya rasu a 1686. Oxford ta wancan ƙarni tana buga Girkanci da Ibrananci da Larabci. A nan Edward Pococke, farfesan Larabci na farko a jami'ar, ya fitar da littafinsa kan tarihin Larabawa a 1650. A 1671 kuma aka buga Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Tufail, malamin Andalus, da matanin Larabci da fassarar Latin. Ta wannan bugu ne Turawa da dama suka fara sanin littafin.

Sai mutum ya tsaya ya dubi yadda ake jera shafi a lokacin kafin ya san nauyin wannan aiki. Mai jera haruffa yana tsaye gaban wani faffaɗan akwati mai ƙananan gurabu, kowane gurbi da nasa harafin da aka zuba da dalma. Da hannun dama yake tsinto su ɗaya bayan ɗaya, yana jerawa a wani ɗan ƙarfe da ke hannunsa na hagu, kuma a juye suke, sai an buga a takarda za su miƙe. Idan Larabci ne wahalar ta ninka, domin yawancin haruffa siffarsu a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban, in sun tsaya su kaɗai ma daban, ga ɗigo ga wasali. Sau da yawa ma mai jerawar bai san harshen ba, da ido kawai yake bin rubutun malamin. Idan an buga shafin gwaji, sai wani yaro ya riƙa karanta asalin rubutun da ƙarfi, mai duba kuskure yana bin shafin da alƙalami, yana sa alama a gefe duk inda harafi ya kauce.

To, wa ke biyan kuɗin wannan duka? Littafin Kibɗanci dai ba zai ciyar da kowa ba. Sirrin yana ga Baibul. A Ingila, bugun fassarar Sarki James haƙƙi ne da aka keɓe wa mai ɗab'in sarki da jami'o'in Oxford da Cambridge. Oxford ta fara buga nata a 1675, kuma ƙarni biyu cur cinikin Baibul da littattafan addu'a ne ya riƙe gidan. Ribar littafin tarihin yaƙin basasar Ingila da wani mai suna Clarendon ya rubuta ta taimaka wajen gina wa maɗaba'ar sabon mazauni a 1713, kafin ta koma titin Walton a 1830, inda take har yau. A zamaninmu littattafan makaranta da na koyon Turanci ne suka gaji wannan matsayi. Abin ya yi kama da gidan da wa yake kasuwa yana ɗaukar nauyin ƙanensa da ya tafi neman ilimi. Iya daidaita waɗannan biyun, yadda kasuwa ba za ta haɗiye ilimi ba, ilimin kuma ba zai karya jari ba, shi kansa fanni ne.

Mai tsaron ƙofar shi ne kwamitin da ake kira Wakilan Maɗaba'a, wanda aka fara naɗawa tun 1633. Malaman jami'ar ne daga fannoni daban-daban, shugaban jami'a ke jagorantarsu, kuma littafin ilimi ba ya fita da sunan Oxford sai sun amince. Kafin magana ta kai gare su an riga an sha tankaɗe da rairaya. Marubuci yana aiko da bayanin abin da yake son rubutawa tare da wasu babuka, ko ma daftarin gaba ɗaya. Editan da ke kula da fannin ya karanta. In ya ga da alamar alheri, sai ya aika wa masana biyu ko uku na waje, waɗanda galibi ba a gaya wa marubucin sunayensu, don su faɗi gaskiya ba kunya ba tsoro. Su ne za su ce hujjar babi na uku ba ta tsaya da ƙafarta ba, ko an manta da wani muhimmin bincike, ko kuma littafin bai kawo sabon abu ba. Marubuci ya amsa, ya gyara. Gwanin edita a nan ake gane shi: ya san masanin da zai yi adalci, ya san sukar da ta fito daga ilimi da wadda ta fito daga kishi, ya kuma san yadda zai isar wa marubuci magana mai ɗaci ba tare da ya karya masa gwiwa ba.

Bayan amincewa sai aikin mai gyaran rubutu, wanda sunansa ba ya fitowa a bango. Shi ke lura cewa an rubuta sunan mutum iri biyu a shafi na 40 da na 212, ko an ambaci littafi a cikin matani amma babu shi a jerin manazarta. Don kada kowa ya bi son ransa, Horace Hart, wanda ya shugabanci sashen bugu daga 1883 zuwa 1915, ya tsara wa ma'aikatansa ƙa'idojin rubutu a 1893: inda ake sa babban baƙi, yadda ake raba kalma a ƙarshen layi, yadda ake rubuta lambobi da kalmomin aro. Don amfanin cikin gida aka yi su, amma suka bazu har suka zama abin bi ga masu ɗab'i a ƙasar baki ɗaya, kuma har yanzu ana sabunta su.

Babu inda haƙurin wannan gida ya sha gwaji kamar babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford. A 1879 aka ƙulla yarjejeniya da James Murray, wani malamin makaranta ɗan Sikotilan, bisa zaton shekara goma za ta isa. Manufar ita ce a bi tarihin kowace kalma, daga inda ta fara bayyana a rubuce zuwa yadda ma'anarta ta yi ta sauyawa. Murray ya yi kira ga jama'a su karanta littattafai, duk inda suka ga an yi amfani da kalma yadda ya dace a lura, su kwafe jimlar a 'yar takarda, su rubuta sunan littafi da shekara da shafi, su aiko. Takardu suka yi ta kwarara, miliyoyi. Ya kafa wata rumfar kwano a bayan gidansa, ya cika bangonta da gurabu sama da dubu, 'ya'yansa goma sha ɗaya suna taya shi jera takardun bisa tsarin abacada yana ba su ɗan kuɗin kashewa. Wasiƙunsa sun yi yawan da sai da gidan waya ya kafa masa akwatin aika saƙo a ƙofar gida.

Bayan shekara biyar, a 1884, kashi na farko ya fito, kuma ko harafin A bai ƙare ba. Wakilan Maɗaba'a sun damu ƙwarai, sun matsa masa ya gaggauta ya kuma taƙaita, an yi ta kai ruwa rana. Amma ba su janye ba. Maimakon haka suka ƙaro editoci, Henry Bradley da William Craigie da Charles Onions. Murray ya rasu a 1915 yana kan harafin T. Sai a 1928 aka kammala, juzu'i goma, kalmomi sama da 400,000, misalai sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Bugu na biyu ya fito a 1989 cikin juzu'i ashirin, kuma yanzu a intanet ake ci gaba da aikin. Ban san wani kamfani mai neman riba da zai zuba kuɗi kusan shekara hamsin a kan littafi guda yana jira ba.

Mu ma mun ɗanɗani wannan aiki. Ƙamus ɗin Hausa zuwa Turanci na G. P. Bargery, mai kalmomi kimanin 39,000, maɗaba'ar Oxford ce ta fitar da shi a 1934, da alamomin karin sauti da tsawon wasali, abin da ke buƙatar idon mai duba ya tsaya a kan kowace gaɓa. Har gobe masu nazarin Hausa ba su rabu da shi ba, kuma maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta sake buga shi a 1993. Ƙamus ɗin masu koyon Turanci na A. S. Hornby, wanda ɗalibanmu ke yawo da shi, daga maɗaba'ar Oxford yake fitowa tun 1948. A 1949 maɗaba'ar Oxford ta buɗe reshe a Ibadan, wanda a 1977 ya buga Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara tare da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Bayero a Kano. A 1978, bisa dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa, reshen ya koma University Press.

Jami'o'inmu da dama suna da maɗaba'unsu, kuma akwai kundayen bincike masu daraja jibge a ɗakunan karatu, kan tarihinmu da harshenmu da rubuce-rubucen malamanmu na ajami, waɗanda ba su taɓa zama littafi ba. Kirana ga shugabannin jami'o'i shi ne su ware wa waɗannan maɗaba'u kasafi tsayayye, su naɗa musu kwamitin malamai mai ikon cewa a'a ko da marubucin babba ne, su horar da masu gyaran rubutu na Hausa da Larabci da Turanci su kuma biya su yadda ya kamata, sannan su bar ribar littattafan makaranta ta ɗauki nauyin littattafan bincike.