Fukafukan Elytra: a nema, amma ban da gaggawa

A Sakkwato masu buga Minecraft ba su kai masu ƙwallon waya ko Free Fire yawa ba, amma waɗanda suka kama shi ba sa yi masa riƙon sakainar kashi. Za ka same su a Mabera da Runjin Sambo, da cikin ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, galibi a waya, don wasa ne da mutum zai yini yana yi shi kaɗai ba tare da ya ƙona data ba. Abin da ke damuna a 'yan shekarun nan shi ne tambayar da ta zama gaisuwa a tsakaninsu: "Ka samo fukafukai?" Yaro bai gama rufin ɗakinsa na farko ba, bai shuka ko alkama ba, hankalinsa ya riga ya tafi kan Elytra, saboda ya ga 'yan YouTube suna ɗauko shi kafin a sha shayi a watse.

Ni ina cikin masu cewa Elytra ya cancanci wahalarsa. Kamfanin Mojang ya shigo da shi a farkon 2016, ya iso waya a ƙarshen shekarar, kuma a daidai lokacin ne aka ba da damar tura shi da roka a kwamfuta. Kafin rokar, saukowa kawai yake yi a hankali daga tudu. Da roka kuwa mutum na cin sama da bulo 30 a daƙiƙa ɗaya, alhali gudun ƙafa bai kai bulo 6 ba. Wanda ke gina babban abu, masallaci mai hasumiya ko ganuwa mai ƙofofi, shi ya san daɗinsa: ka tashi sama ka duba aikinka daga nesa, ka hango inda layi ya karkace, ka dira a kan rufi ba tare da ka jera tsani ba. Duk wanda ya ɗanɗana wannan ba ya son komawa ƙasa, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai hanyar tana da tsawo. Dole ka shiga Nether ka kashe Blaze, ka tara lu'ulu'un Ender, ka haɗa idanun da za su nuna maka kurkukun da ƙofar End take, ƙofar da kan ci ido har 12. Ka faɗa End ka kar da dodon da ke can. Bayan nan ne ƙaramar ƙofa ke buɗewa ta jefa ka tsibiran waje, kimanin bulo 1,000 daga tsakiya, ka shiga neman birni. Ba kowane birni ke da jirgi ba, kuma kowane jirgi fiffike ɗaya tak ke rataye a cikinsa, Shulker na gadi. Tsakanin tsibiri da tsibiri babu ƙasa, babu ruwa, rami ne marar iyaka. Wanda ya zame ya tafi ke nan da duk abin da ke jikinsa.

A nan ne 'yan YouTube ke ruɗin yaranmu. Su da kwamfuta suke yi, da linzami da madannai. Namu yaron da babban yatsa yake shimfiɗa gada a kan gilashin waya. Na zauna kusa da ɗan yayata wata ranar Afrilu bayan la'asar, irin zafin nan da ke haura digiri 40, wayar ta yi zafi har yana sauya hannu, caji ya yi ja, ga gumi a yatsa. Yana tsugune a bakin gadar da yake yi bulo bayan bulo, da kabewa a kansa don kada ya haɗa ido da Enderman. Hoton ya ɗan tsaya, yatsan ya goce. Takobin lu'u-lu'u da sulken da ya yi makonni yana tarawa suka bi shi cikin duhu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kawu, na bar wasan nan." Bai koma waccan duniyar ba, kuma akwai kyakkyawan gida a cikinta da garken tumaki.

Ko an samo shi ma, sayen babur ne: sai an kawo shi gida ake sanin kuɗin mai. Ƙarfinsa 432 ne, kowace daƙiƙa a sama tana cin ɗaya, wato minti bakwai da 'yan kai ya daina aiki. Gyaransa sai da fatar Phantom a kan uwar maƙera, ko kuma ka nemo littafin Mending, wanda yawanci sai ka sha ciniki da mai littattafai na ƙauye. Roka na son takarda da albarushi, don haka ga gonar rake, ga farautar Creeper ko gina tarkonsu. Kuma a mazaunin sulken ƙirji ake sa shi, ka cire kariyarka mafi ƙarfi ke nan. A ƙaramar waya akwai ƙarin matsala da ba a cika faɗa ba: gudunka kan fi saurin da wayar ke zana ƙasa, sai dutse ya bayyana a gabanka lokacin da babu sauran juyawa.

Duk wannan ana iya jurewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da fukafukai ke kashewa a hannun wanda ya same su da wuri. Ka shiga duniyar wanda ya daɗe yana tafiya a ƙasa, za ka ga hanya mai fitilu daga gida zuwa ma'adana, gada a kan kogi, zango a tsakiyar daji da gado da akwati, layin dogo da ya ratsa dutse, turken doki. Babu wanda ya sa shi. Nisa ne ya sa shi ginawa, kuma waɗannan gine-ginen su ne ke sa wuri ya zama nasa. Shiga duniyar wanda ya tashi sama tun makon farko: gini ɗaya a nan, wani can da nisa, tsakaninsu daji wanda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Ya san lambobin wuri, bai san wurin ba. Wasan da aka sayar da sama da kwafi miliyan 300 zuwa 2023 bai kai nan don saurin tafiya ba. Gini ne ya kai shi, kuma rabin ginin da mai wasa ke yi buƙata ce ke haifar da shi.

Ba a rasa abin hawa ba kafin lokacin ya yi. Doki mai kyau da sirdi ya ninka gudun ƙafa. Bulo ɗaya a Nether daidai yake da 8 a doron ƙasa, don haka rami mai rufi tsakanin ƙofofi biyu na taƙaita tafiyar yini. Kwale-kwale a kan ƙanƙara yana gudu har ya ba ka tsoro. A tsakiyar 2025 kuma aka kawo Happy Ghast, wanda ake jiƙa busasshensa a ruwa ya farfaɗo, a raine shi, a ɗaura masa kayan hawa, ya ɗauki mutum huɗu. Ba shi da sauri, amma yana tsayawa cak a sama, wanda ga magini a waya ya fi Elytra amfani a ranaku da yawa, kuma ba sai an kashe dodo ba.

Idan ƙanenka ya matsa sai ya je End, ka sa shi ya bar sulkensa mai kyau a akwatin Ender, ya ɗauki bulo mai yawa da lu'ulu'un Ender da bokitin ruwa, ya yi tafiyar da dare bayan gari ya yi sanyi wayar kuma cike da caji. Ya tsaya ya tara ɓawon Shulker a hanya, don akwatunan da ake yi da su kan yi wa magini aikin da ya kai na fukafukan.