Baƙuwar da ta Zama Muryar Gari: Bitar Littafin Rosemary Brown

A shekarar 1989 aka buga littafin "Being Brown: A Very Public Life", tarihin rayuwar Rosemary Brown wanda ta rubuta da hannunta. Ita ce baƙar fata mace ta farko da aka zaɓa a majalisar dokokin wani lardi a duk faɗin Kanada. Galibi idan aka ambace ta, a nan ake tsayawa, a yaba mata a wuce. Amfanin wannan littafi shi ne ya hana mai karatu tsayawa a nan. Yana nuna daga ina ta samo ƙarfin hali, da abin da ta yi da kujerar bayan an gama tafi da guɗa.

An haife ta a Kingston, babban birnin Jamaika, a shekarar 1930. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ta tashi a hannun kakarta da iyayenta mata, mutane masu ilimi da ruwa da tsaki a harkar jama'a, a daidai lokacin da tsibirin ke fafutukar ƙwatar kansa daga Turawan Ingila. A ganina wannan sashe shi ne ƙashin bayan littafin. Yarinyar ta girma a inda baƙar fata ke da rinjaye, a gidan da mace ke yanke shawara a saurare ta. Ba wanda ya taɓa koya mata cewa launinta ko jinsinta abin sunkuyar da kai ne. Tun ran gini ran zane.

Shi ya sa abin da ta tarar a Kanada ya ba ta mamaki kafin ya ba ta haushi. Ta isa Montreal a 1951 domin karatu a Jami'ar McGill. Ta ba da labarin yadda neman ɗakin haya ya zama wulaƙanci: gida yana nan babu kowa, amma da mai gidan ya ga fuskarta sai magana ta canza. Bayan ta koma Vancouver da ke lardin British Columbia a 1955 ta auri William Brown, wanda ya zama likita, wariyar launin fata ba ta sake su ba wajen neman muhalli da aiki. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta rubuta waɗannan abubuwa. Ba ta neman a tausaya mata. Tana faɗar abin da ya faru dalla-dalla, ta bar mai karatu ya ji nauyinsa da kansa. Wariyar Kanada ba ta zo da allo a ƙofa ba, da murmushi da "yi haƙuri" take zuwa, kuma marubuciyar ta iya tona irin wannan ladabi mai ɓoye ƙiyayya.

Daga nan littafin ya bi ta cikin shekarun renon 'ya'ya uku, da karatun aikin jin daɗin jama'a a Jami'ar British Columbia, da shigarta ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta lardin, sannan ƙungiyar matan Vancouver inda ta riƙe ofishin karɓar koke-koken mata. A nan ne aka fi ganin zurfin tunaninta. A wancan zamani wasu baƙar fata na kallon gwagwarmayar mata a matsayin hidimar Turawa masu ƙoshi, yawancin ƙungiyoyin mata kuwa ba su damu da batun launi ba. Kowane ɓangare yana so ta zaɓi ɗaya. Ta ƙi. Hujjarta mai sauƙi ce: ita mutum guda ce, zaluncin biyu kuma a kanta suke sauka lokaci ɗaya, don haka babu wanda za ta ajiye sai gobe.

A 1972 ta tsaya takara a mazaɓar Vancouver-Burrard a ƙarƙashin jam'iyyar NDP, ta ci. A wannan zaɓe ne jam'iyyar, bisa jagorancin Dave Barrett, ta samu kujeru 38 cikin 55, ta kawo ƙarshen mulkin W.A.C. Bennett na shekara 20 a lardin. Ya kamata mai karatu ya san cewa a Kanada lardi ne ke riƙe da makarantu da asibitoci da tallafin marasa ƙarfi, kusan kamar jiha a wajenmu. Wato majalisar lardin da ke zama a Victoria ita ce ke taɓa tukunyar talaka kai tsaye. Barrett bai ba ta minista ba, duk da gogewarta. Ta ci gaba da aiki daga kujerarta ta 'yar majalisa, ta matsa a tsarkake littattafan makaranta daga hotunan da ke ƙasƙantar da mace, ta yi ta magana kan nuna bambanci a wurin aiki da halin da tsofaffi da naƙasassu da matalauta ke ciki.

Babin da zai fi riƙe mai karatu shi ne na 1975. David Lewis ya sauka daga shugabancin jam'iyyar na ƙasa, Rosemary ta fito neman kujerar, abin da wata baƙar fata mace ba ta taɓa yi ba a Kanada. Manyan jam'iyya suna tare da Ed Broadbent. Ita kuwa mata da matasa da masu ra'ayin sauyi ne suka tsaya mata. A babban taron Winnipeg sai da aka kai zagaye na huɗu, ta ƙare ta biyu da kusan kashi 41 cikin ɗari na ƙuri'u. Ta faɗi, amma daga ranar ba wanda ya sake cewa mace irinta ba ta isa ta nema ba.

A ƙarshen wannan shekara gwamnatin Barrett ta faɗi zaɓe. Sauran zamanta a majalisa, har ta sauka a 1986 tana wakiltar Burnaby-Edmonds, duk a ɓangaren adawa ta yi shi. Wannan ne darasin da na fi so matanmu su ɗauka. Shekara 14 ta yi a majalisa, fiye da goma daga ciki babu mulki a hannun jam'iyyarta, amma ba ta sauya sheƙa ba, ba ta kuma yi shiru ba.

Littafin yana da nasa rauni. Wanda bai san siyasar British Columbia ba zai gaji da yawan sunaye da rigingimun cikin jam'iyya. Mai neman ya leƙa zuciyarta a matsayin uwa da matar aure kuma zai so ƙari, domin rayuwar fili ta fi samun wuri. Sannan labarin ya tsaya kafin ta shugabanci hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin Ontario daga 1993 zuwa 1996, da lambar girmamawa ta ƙasa da aka ba ta a 1996. Ta rasu a Vancouver a 2003, aka sa hotonta a jikin kan sarki na aika wasiƙa a 2009.

Duk da haka littafi ne na gaskiya, wanda mai shi ba ta yi wa kanta kwalliya a ciki ba, ba ta kuma sassauta wa ƙasar da ta karɓe ta ba. Duk macen da ke tunanin tsayawa takarar majalisar jiha, da duk namijin da ke ganin ba wurinta ba ne, su neme shi su karanta. Masu fassara kuma su dube shi, domin ya cancanci a same shi da Hausa.