Jinjina ga Masu Gyaran Lagireto

Sai zafin Afrilu ya kama, motoci suna tafasa a hanyar Kano zuwa Kaduna, ake sanin darajar mai gyaran lagireto. Cire tsoho a ɗora sabo, wannan ko yaron gareji zai iya. Gwanintar tana wurin siraran bututun nan biyu da ke kai man giya cikin lagireton mota mai atomatik don ya huce. Bakaniken ƙwarai, Allah ya yi masa albarka, da yatsu yake fara ɗaure su, kada haƙoran noti su cinye, sannan ya ɗauko sifana. Ya tada inji, ya durƙusa yana leƙen ko ɗigon jan mai zai ɓullo, domin in man ya tsiyaye a hanya giya ce za ta ƙone.