Wutar bazara da tsoron sanyi: zafi a maganin Sinawa da namu

Wanda ya taɓa kwana a Dutse cikin watan Afrilu ya san aikin duwatsun garin. Wuni suke yi suna shan rana, in dare ya yi su amayo ta, har mutum ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya ji kamar a bakin murhu yake. Ma'aunin zafi kan haura 40, masu ƙanƙara su yi kasuwa, kankana ta cika bakin titin Shuwarin. Amma a cikin wannan yanayin, in ka leƙa gidan da aka yi haihuwa, za ka tarar da tukunya a kan wuta tana tafasa, ana shirin wankan maijego. Garin da kowa ke neman inuwa, an ware mace guda ana ƙara mata wuta. Wannan abin ne ya sa na waiwayi yadda Sinawa suka tsara batun zafi a likitancinsu na gargajiya, ko ma ga namu da kyau.

Su Sinawa sun kasa al'amuran duniya gida biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Kowane gida da lokacinsa na shekara, da sashen jikinsa, da launinsa, da ɗanɗanonsa. Wuta ita ke da lokacin zafi, ita ke da zuciya da ƙaramin hanji, da harshe, da gumi, da jan launi, da ɗaci, da farin ciki. Tsarin yana cikin Huangdi Neijing, littafin da aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, wanda har yau ake karantar da shi a makarantunsu. Abin da ya fi jan hankalina a ciki shi ne bai ɗauki zafi abokin gaba ba. Shawararsa ga mutum a wannan lokaci ita ce ya yi sammako, kada ya ƙosa da rana, ya bar gumi ya fita, ya guji fushi. Sai in wutar ta yi yawa, wato baki ya fashe, barci ya ƙi zuwa, fitsari ya yi ja, sannan a nemi abin da zai kwantar da ita.

Sai dai duk mai son ɗauko wannan tsari ya dasa shi a Kiyawa ko Jahun zai yi tuntuɓe da kalanda. Lokacin wutar Sinawa yana farawa ne a farkon Mayu, kwanakin da suka fi tsananta kuwa, waɗanda suke kira sanfu, suna faɗowa daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta, zafi haɗe da ruwa da danshi. A nan wajenmu lokacin marka ke nan, manomi na neman bargo da asuba. Tamu wutar busasshiya ce, tana zuwa bayan hunturu, kafin ɗigon farko, lokacin da rijiya ta ja baya, rumbu ya fara sauƙi. Masu tallar shayin Sin a kasuwanninmu ba su cika tsayawa yin wannan lissafi ba.

Mu ma dai ba mu rasa namu ma'aunin ba. Mai magani a kasuwa, kafin ya kwance ƙullinsa, yakan fara raba ciwo biyu ne: na zafi ko na sanyi. Ƙuraje, ƙaiƙayi, haɓo, jan ido, duk a ce zafi ne ya yi yawa. Malaman da suka karanta ɗibbu kuma sun ƙara wa abin tsari da ɗabi'u huɗu da suka gada daga Larabawa, su kuma daga Girkawa: zafi, sanyi, danshi da bushewa, inda wuta ke tafe da zafi da bushewa da maɗaciya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kansa ya yi rubuce-rubuce kan magani. Ga kuma abin da ya zo a hadisi, cewa a sanyaya zazzaɓi da ruwa, da cewa Manzon Allah (SAW) yakan haɗa ɗanyen dabino da kankana domin sanyin ɗaya ya karya zafin ɗayan. Mutumin Dutse, garin dabino, ba ya bukatar a fassara masa wannan, musamman a shekarun da azumi ke faɗowa cikin Maris.

Wurin da tunanin biyu suka fi haɗuwa shi ne ɗaci. Basine yana cin wani ɗan itace mai ɗaci a lokacin zafi don kwantar da wutar jiki, kuma ɗan'uwan garahuninmu ne na jini, dangi ɗaya suke. Mu kuma muna da maɗaci, da shuwaka, da darbejiya, wadda baƙuwa ce daga Indiya amma ta zama 'yar gida har an manta. Akwai wani ganye da Sinawa ke kira qinghao, dangin tazargade, wanda suka jera cikin masu kore zafin bazara. Daga cikinsa Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin artemisinin a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a asibitocin Jigawa. Abin dariyar, sai da ta koma ga wani tsohon littafi na Ge Hong, na ƙarni na 4, ta ga jiƙa ganyen ake yi a matse, sannan ta gane cewa tafasawa ce ke kashe ƙarfinsa. Mu da ba mu yarda da magani ba sai ya sha wuta, wannan abin lura ne.

To, yanzu ga inda nake ganin Bahaushe ya saɓa wa kansa. A bakinsa, sanyi alheri ne. Ya ji sanyi a ransa, zuciyarsa ta yi sanyi, ɗa nagari sanyin ido ne, mai haƙuri mai sanyin hali. Zafi kuwa na zuciya ne da rai da kai, duk ba abin yabo ba. Basine ya ajiye farin ciki a ɗakin wuta, Bahaushe ya ajiye shi a gindin randa. Amma da zarar an zo ga jiki, sai magana ta juye. Sanyi ne abin tsoro: sanyin ƙashi, sanyin mara, sanyin da ya shige mutum ya kwanta shekaru sannan ya tashi. Zafi ana ganin baƙo ne mai wucewa, a sha tsamiya ko zoɓo ya tafi. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi ya wallafa littafi kan maganin Hausawa a 1988, ya ba wannan tsoron sanyi wuri mai faɗi.

Jego ne fagen da tsoron ya fi bayyana. Ana ganin haihuwa ta bar jikin mace ɗanye kuma a buɗe, don haka dole a gasa shi. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai tururi, ana tsoma ganyen darbejiya ko tsamiya ana fyaɗawa, a bi da kunun kanwa da yaji mai citta da kimba da masoro. A da har gadon ƙasa ake hura wa wuta a ƙarƙashi. In yarinya ta yi raki, kaka ta ce, “Daure 'yar nan, mu ma haka aka yi mana. Sanyi in ya shige ki, ba ya fita.” Ba a tambayar ko hunturu ne ko bazara.

A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, masu zuwa da kumburi da haki. Sun lura abin ya fi yawa a watannin zafi da danshi, suka ɗora laifin a kan gishirin da ke cikin kanwa, mai tara ruwa a jiki, da kuma zafin da ke buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki. Likitan Sin na gargajiya da ya ji wannan sai ya gyaɗa kai, ai dama wuta da zuciya gida ɗaya suke. Shekaru da dama wannan bayani ne ake koyarwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake duba lamarin, suka ga alaƙar ciwon da al'adun jego ba ta kai yadda aka ɗauka ba, suka fi karkata ga talauci, rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyum. Wani abin mamaki, ciwon zuciyar da ƙarancin wannan sinadari ke kawowa, sunan wata gunduma ta ƙasar Sin yake ɗauke da shi, wato Keshan. Saboda haka ba zan yi saurin kama kaka da laifi ba. Amma macen da zuciyarta ta riga ta raunana, ban ga yadda tururi da kanwa a tsakiyar Afrilu za su zame mata sauƙi ba.

Kada kuma a ɗauka Sinawa sun tsira. Su ma suna da zaman wata guda bayan haihuwa, ba ruwan sanyi, ba iska, sai citta da romo da rufe taga, ko da gari na ci da wuta. Duk tsarin nan na bin lokacin shekara, a ƙofar ɗakin maijego yake tsayawa. Bambancin kawai, su a al'adance hana wankan suke yi, mu kuma mu ninka shi.

Akwai kuma inda kalmar “zafi ne” ke cin rai kai tsaye. Sanƙarau da bazara yake zuwa, bayan ƙurar hunturu ta busar da hanci da maƙogwaro, ga cunkoso a ɗaki. Annobar 1996 ta kashe dubban mutane a Arewa, Jigawa kuma ta sake ganinsa a 'yan shekarun nan, har Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar rigakafi mai kare nau'i biyar a 2024. Yaron da wuyansa ya sanƙare, sa'o'i ake ƙirga masa, jiƙon tsamiya ba ya cikin lissafin.

Wankan jegon kansa yana sauyawa a cikin gari. Ma'aikatan awo suna cewa a sirka ruwan, 'yan mata da yawa sun daina shan kanwa yadda iyayensu suka sha, wasu ba sa cika arba'in ɗin. Ina zaton tsadar itace da gawayi ta taimaka wajen rage wutar fiye da duk wani bayanin likita.