Muhasaba da Barin Tadbiri a Tafarkin Sufaye

Daga cikin abubuwan da malaman tasawwufi suka daɗe suna tarbiyyantar da almajirai a kansu, akwai guda biyu waɗanda mai duban zahiri zai ɗauka ba sa ga maciji da juna, wato muhasaba, bin diddigin zuciya ba sassauci, da kuma rida, yarda da halin da Allah Ya tsayar da bawa a cikinsa. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya bi littattafan tasawwufi a tsanake zai tarar ɗayansu ba ya inganta sai da ɗaya.

Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 857, ya bi cututtukan zuciya ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Ri'aya, musamman riya da ujubu da girman kai, domin ya gane cewa ibada kanta tana iya zama abincin son rai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗora a kan wannan harsashi cikin littafinsa Ihya'u, inda ya kwatanta mutum da ɗan kasuwar da ya ba abokin cinikinsa, wato zuciyarsa, jari: ya gindaya masa sharaɗi da safe, ya sa masa ido da rana, da dare kuma su zauna lissafin riba da hasara.

Sai dai wannan lissafi yana da nasa haɗari, domin mai yawan ƙidaya ayyukansa yakan wayi gari ya dogara da su, ya ƙosa da matsayinsa yana hangen na gaba. A nan ne Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya, shehin Shaziliyya da ya rasu a Alƙahira a 1309, ya kawo magani, wato barin tadbiri, cikin littattafansa Tanwir da kuma Hikam, wadda har yau ake karantawa a zaurukan ilmi na ƙasar Hausa. Shi kansa ya taɓa ƙudurin barin karatun zahiri da hulɗar mutane don ya keɓe ga ibada, shehinsa Abul Abbas al-Mursi ya umarce shi da ya zauna inda Allah Ya ajiye shi. Saboda haka tadbirin da Ibnu Aɗa'illahi ya ce a bari shi ne shirye-shiryen da zuciya ke yi don biyan sha'awarta tana jayayya da ƙaddara. Noma da fatauci da ciyar da iyali kuwa bai hana kowa ba.

Masu suka sun ce wannan tafarki yana haifar da kasala, kuma lalle an sami waɗanda suka fake da tawakkali suka naɗe hannu. Abin da ke raba mai rida da malalaci shi ne muhasaba, domin ita ce ke tambayar bawa ko natsuwarsa ta yarda da Ubangiji ce ko ta gudun wahala. Wanda ya amsa da gaskiya zai sauke haƙƙin lokacin da yake ciki, ya bar wa Mai shi al'amarin gobe.